Yadda Aka Kulle Tez ɗin Doktor

Ni aka ba aikin rubuta dokar, ba don na san doka ba. Ni ce ƙarama a cikin malaman sashenmu, ni kaɗai ce mace, kuma an taɓa ganina ina buga mashin ɗin rubutu da yatsu fiye da biyu. A jami'armu ta wancan zamani wannan ya isa a ɗora wa mutum rubuce-rubucen kowane kwamiti har ya tsufa.

Shekarun fari ne, soja ke mulki. Kogi ya janye har mutanen Harobanda, unguwar ƙetare inda jami'a take, na ƙetarawa cikin garin Yamai da ƙafa, suna riƙe da takalmansu a hannu don sabo kawai, tunda babu ruwan da zai jiƙa su. Ni kuwa kowace safiya sai in hau mobilet ɗina, ɗan babur mai feda, in gangaro ta Gaweye, in bi gada kamar mai mutunci, ina kallon yashi ta ƙasa. A ɗaya gefen, bayan gine-ginen jami'a, makiyaya sun kafa bukkoki da sauran shanun da suka rage musu. Muna koyar da ilmin ƙasa da na ruwa, su kuma suna leƙenmu ta taga.

Abin da ya jawo kwamitin bakina ne. Ina neman wani bincike kan rijiyoyin ƙasar Damagaram, inda aka haife ni. Wanda ya yi binciken abokin aikina ne, bango ɗaya ya raba birona, wato ofishina, da nasa, ina jin tarinsa. Na roƙe shi ya ara mini tez ɗinsa, wato babban littafin binciken da mutum ke rubutawa kafin a kira shi doktor. Ya ce yana cikin akwati a gidan wansa a Maraɗi, wan kuma ya tafi Makka da makullin. Sai na rubuta zuwa Faransa, inda ya yi karatun. Bayan na manta da maganar, aka aiko mini da wani ɗan fim baƙi, faɗin tafin hannu, wai duk littafin yana ciki, sai dai da na'ura ake karanta shi. Ba mu da na'urar. Na ɗaga shi ga rana, na ga layi-layi kamar sawun tururuwa, na mayar da shi cikin ambulan. Ranar a wurin shan shayi na faɗi abin da ke raina da ƙarfi, cewa rijiyar garinmu sai an je Faransa ake leƙa ta. Ashe duwayen, shugaban tsangayarmu, yana tsaye bayana da kofinsa. Ya ce magana ce mai kyau, kuma tunda ni na kawo ta, ni zan riƙe alƙalami da takarda.

Abin da na rubuta da farko gajere ne. Duk binciken da aka yi da sunan jami'a, na malami ko na ɗalibi, a kawo kwafi ɗaya a ajiye a ɗaki ɗaya, kowa ya iya shiga ya karanta. Na ɗauka zama ɗaya zai isa.

Kalmar kowa ce ta cinye mana zafin shekarar gaba ɗaya. Wani ya tambaya ko kowa ya haɗa da matar da ke sayar da gyaɗa a bakin ƙofa. Na ce in tana jin Faransanci, bismilla. Wani ya ce in ya ajiye aikinsa a fili abokan aiki za su sace shi, yana faɗa yana kallon mutumin da ke kusa da shi, shi ma wancan yana kallonsa. Wani ya ce nasa binciken bai nuna ba tukuna, alhali tun ina makarantar firamare yake nuna. Mai bangon nan nawa ya goyi bayan dokar da dukan zuciyarsa, ya dai nemi a ƙara cewa ba ta shafi abin da ke cikin akwati ba.

Amma babban mai adawa shi ne wanda duk muke kira Doktor, kamar babu wani doktor sai shi. Mutumin Tawa ne, dogo, mai faɗin ƙirji, masanin dabbobi. Ya dawo daga Turai da kwat mai ƴar ciki da lofe wanda bai taɓa kunnawa ba, yana nuna mutane da shi ne kawai. Duk lokacin da shanu suka mutu da yawa a wani yanki, shi ake kira gidan rediyo ya yi bayani, ya yi ta magana da murya mai zurfi har mutum ya ji kamar shanun sun mutu bisa ƙa'ida. Babu wanda ya taɓa ganin tez ɗinsa. An dai san kan shanu ne. A kwamiti ya ce ilmi abu ne mai haɗari, ba a barinsa a buɗe inda marar shiri zai taɓa, kuma a manyan ƙasashe sai an tantance mutum kafin a ba shi irin waɗannan littattafai. Ya juyo da lofensa wajena ya ce, "Ɗiyata, ke sabuwa ce. Za ki gane." Na rubuta a rapor ɗin zaman, wato rahoto, cewa Doktor ya ba da shawara mai amfani.

Akwai wani tsoro kuma da babu mai ambatarsa. A lokacin ba a cewa yunwa. Ana cewa ƙarancin cimaka, ko mawuyacin hali, ko shekara marar kyau. Duk wanda ya yi bincike a karkara ya san abin da ya gani, ya kuma san abin da ya rubuta, bai tabbata ko ya ɓoye na farko sosai cikin na biyu ba.

Muna cikin haka wata rana muka shigo zauren taro muka tarar da soja zaune a kujerar ƙarshe, hularsa a kan gwiwa. Kapitan ne, saurayi siriri, an ce daga sama aka turo shi ya saurara. Duwayen ya gaishe shi da hannu biyu. Ranar babu wanda ya tuna da mai gyaɗa. Aka yi ta yabon ilmi da ci gaban ƙasa. Kapitan ya bari aka gama, sannan ya ce gwamnati na son kalmar nan kowa, kada a taɓa ta. Kowane malami ya kawo aikinsa kafin ƙarshen wata. Shi dai zai fara karantawa, ya buga hatimi, sannan a ɗora a kan kanta. Duwayen ya ce abin mamaki, wannan daidai shi ne abin da kwamiti ke shirin ba da shawara. Aka ɗaga hannu, ba wanda ya rage. Hannun Doktor ya fi na kowa tsawo.

Ɗakin da aka ba mu tsohon wurin ajiye karyayyun kujeru ne, a ƙarƙashin matakala. Sa'arsa ɗaya, wasu Turawa masu aikin bincike sun taɓa zama a ciki, da suka tashi suka bar kilimatizar ɗinsu, na'urar sanyaya ɗaki, manne a bango, kuma yana aiki in akwai kuran, wato lantarki. Cikin mako guda ɗakin ya cika. Ban taɓa ganin son ilmi irin wannan ba. Malamai, ɗalibai, masu gadi, direban rektar shugaban jami'a, kowa ya zo, kamar yadda doka ta ce. Mutum zai ɗauki littafi, ya zauna, ya buɗe shi a kan ƙirji, ya rufe ido. Masu kauri su aka fi nema, don sun fi daɗin tada kai. Wani tez kan dokokin filaye, mai mujalladi biyu, sai an yi layi.

Mutum ɗaya ne ke karatu da gaske, shi ne Kapitan. Bayan azahar yakan zo, ya ajiye hularsa, ya zauna a kusurwa da fensir, yana bin layi da yatsa, leɓunansa na motsi. Ba ya tsallake komai, har godiyar da ake yi wa iyaye a shafin farko. Ban yi zaton tun da aka kafa jami'ar an taɓa karanta aikin ɗayanmu haka ba, ko waɗanda suka ba mu digirin.

Sai aka fara kiran mutane. Na farko wani malamin aikin gona ne, mutum mai sanyin hali. Soja ya zo har aji ya ce Kapitan na son ganinsa a bariki. Ya nemi izini ya biya gida, ya yi bankwana da matarsa, ya ɗauki bargo da buta da carbi. Mu kuma muka taru a ƙofar bironsa muna ta faɗin halayensa na kirki. Kafin magariba sai ga shi da bargonsa, fuskarsa kamar an mare shi da farin ciki. Ashe Kapitan ɗan Gudel ne, iyayensa masu lambu ne a bakin kogi, albasarsu kuma na ruɓewa a ajiya. Ya ga maganar a cikin tez ɗin malamin, bai gane wani zane ba, yana son a yi masa bayani. Sun wuni kan albasa. Malamin ya ce mini a duk rayuwarsa ba a taɓa yi masa tambaya mai ma'ana kan aikin nan ba sai ranar.

Nawa kiran bai kai bariki ba, a ɗakin ya tsare ni bayan masu barci sun watse. Hausarsa ta kasuwar Yamai ce, irin ta wanda ya tashi da Zabarmanci, yana ce mini kai, yana ce wa duwayen ita. Zan gyara masa ita a nan, abin da ban isa in yi ba a lokacin. Ya buɗe ɗan binciken da na yi kan wasu ƙauyuka na arewacin Damagaram, ya aza yatsa a kan wani layi.

"Malama, kin ce mutanen garin nan sun tashi saboda yanayi marar dacewa. Wane yanayi ne?"

Na ce ƙarancin ruwan sama.

"A nan kuma kin ce yawan yara ƙanana ya ragu. Ina suka je?"

Kilimatizar na ta gurnani. Na san gidajen, na sha ruwa a cikinsu. Ya jira, bai taimake ni ba. Daga ƙarshe na ce sun mutu, da yunwa. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce na rubuta littafi guda don kada in faɗi kalma ɗaya, kuma na iya aikina. Ya buga hatimi ya miƙo mini. Har yau ban san ko yabo ne ko zagi ba. Na hau mobilet na manta ban kunna ta ba, na yi ta tuƙa feda har tsakiyar gada.

Kada a ɗauka mutumin kirki ne kawai aka aiko mana. A kusurwar ɗakin akwai armuwar, babban akwatin ƙarfe mai ƙofa biyu, irin na ofisoshin gwamnati. Abin da bai yi wa Kapitan ba, ciki yake shiga. Na farko da ya shiga memuwar ɗin wani ɗalibi ne, wato ƙaramin binciken da ake yi a shekarar ƙarshe. Ɗalibin ya bi hatsin agaji tun daga inda ake sauke shi har ƙauye, ya rubuta inda buhunan ke ragewa a hanya, ba tare da ya iya ɓoye komai ba, don mu malamansa ba mu koya masa wannan ba tukuna. Aka kulle aikin, shi kuma aka tura shi koyarwa can ƙarshen hamada, inda wasiƙa ba ta zuwa. Ya daɗe kafin ya dawo, ya dawo ba ya son magana. Kan wannan babu wanda ya yi dariya.

Sai dai akwai abin da Kapitan bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru. Armuwar ɗin jami'a duka tare aka sayo su, makulli ɗaya ke buɗe su. Duk mai armuwar a bironsa yana da makullin sirrin gwamnati a aljihu. Kafin a jima memuwar ɗin ɗalibin ya fita, an buga shi a roneyo, injin nan mai tawada shuɗiya da ake juyawa da hannu, an mayar da na asali wurinsa. Ya zagaya ɗakunan kwanan ɗalibai, ya ƙetara kogi, har wata ƙawata mai aiki a gidan waya ta tambaye ni ko na gani. Littattafan da ke kan kanta, masu hatimi, waɗanda doka ta buɗe wa kowa, suna nan ana barci a kansu. Na cikin ƙarfe kuwa har haddace su ake yi. Malamai suka lura. Na ji wani yana gunaguni cewa nasa aikin ma akwai maganganu masu zafi a ciki, Kapitan ne bai karanta da kyau ba.

Duk wannan lokaci Doktor bai kawo nasa ba. Da farko ya ce akwatinsa na tashar jirgin ruwa a Kwatano. Daga baya ya ce ya iso, amma gara ta taɓa shi, ana gyara. Sannan ya ce wani babban masani ya ara. Kapitan bai taɓa ɗaga murya ba. Wata safiya dai ya aika masa da jip da soja biyu, wai su taya shi nema. Kafin azahar aka samu littafin, lafiya lau, a ƙarƙashin gadonsa.

Washegari Doktor ya same ni a biro, ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Babu lofe a hannunsa. Ya tambaye ni ko a dokar da na rubuta akwai wurin da mai aiki zai iya neman a ɓoye aikinsa, saboda dalilai na kimiyya. Na ce babu, shi da kansa ya ɗaga hannu aka amince da ita haka. Na ce mutum ɗaya ne ke kullewa. Ya tsaya yana kallon taswirar da ke bango, ya yi mini godiya, ya fita.

Ina jera littattafai a ɗakin lokacin da ya zo wurin Kapitan. Ba su kore ni ba, wataƙila sun ɗauke ni cikin kayan ɗakin. Tez ɗin na gaban Kapitan, ya kusa gamawa, fensir a tsakiya. Doktor ya fara da dogon bayani kan yadda wasu bincike ke iya rikita jama'a in ba a fahimce su ba, musamman a wannan hali da ƙasa ke ciki. Kapitan ya saurara, sannan ya ce:

"Doktor, shanun nan na cikin littafinka, ciyawa ce ta yi musu yawa?"

Doktor ya ce a taƙaice, haka ne.

Abin da ke ciki ke nan. Shekarun da ya yi a Turai, ya yi su ne a wani yanki da ruwa ba ya ɗaukewa, yana binciken abin da ke samun shanun madara in sun ci ɗanyar ciyawa jiƙaƙƙiya fiye da kima, cikinsu ya kumbura da iska har su faɗi. Akwai babi guda kan yadda kofato ke ruɓewa saboda tsayuwa cikin laka. Akwai hotunan shanu masu ƙiba kamar dorina, tsaye cikin ciyawa har gwiwa, suna kallon mai ɗaukar hoto da gundura. Masanin shanun ƙasarmu ke nan, wanda ake kira rediyo.

Doktor ya rage murya ya ce, "Kapitan, ka rufa mini asiri. Ɗalibaina ƴaƴan makiyaya ne."

Kapitan ya dube shi, ya dubi littafin. Ya tashi ya buɗe armuwar, ya sa shi ciki kusa da memuwar ɗin ɗalibin nan, ya murɗa makulli. Doktor ya kama hannunsa da hannu biyu. Na yi niyyar in ce wani abu, amma ban ga ta inda zan fara ba tare da na tona maganar makulli ba. Ko tausayi ne ya sa Kapitan, ko mugunta, ban sani ba. Fuskarsa ba ta nuna komai.

Labari ya bazu cewa soja sun kulle tez ɗin Doktor. Ɗalibai suka ce dama sun sani, mutumin nan shirunsa ba banza ba ne, lalle ya tona yadda aka bar dabbobin talakawa suka ƙare. Kwana biyu ana gaishe shi da girmamawa ta musamman, wasu har suna dafa ƙirji. A rana ta uku roneyo ya gama aikinsa.

Ban taɓa jin dariya irin ta makon nan a jami'a ba, kuma mutane na bukatarta. A gidan cin abincin ɗalibai, inda miya ta koma ruwa mai launi, wani yakan hau tebur ya karanta babin haɗarin ƙoshi da muryar rediyo. Aka manna hoton saniya mai ƙiba a ƙofar ajinsa. In ya wuce sai a ji wani ya kumbura kumatu. Malamai sun fi ɗalibai mugunta, don su a fuska suke yi masa jaje, suna tambayarsa ko akwai abin da za a yi wa ƙasar da ruwa ya dama haka. Ni ma na yi dariyata, har na zauna a ƙasa. Doktor ya daina zuwa shan shayi. Ya ci gaba da shiga aji da kwat ɗinsa, yana koyarwa yana kallon allo.

Damina ta zo a makare, amma ta zo da ƙarfi. Cikin ƴan kwanaki filin da ke bayan jami'a ya yi kore shar. Shanun makiyayan nan, waɗanda suka rayu da kwali da ƙaya da ikon Allah, suka faɗa wa sabuwar ciyawa da cikin da ya manta aikinsa. Wata safiya na iso na ga mutane na gudu zuwa bayan gine-gine. Shanu ne kwance nan da can, ciki ya kumbura kamar ganga, suna numfashi da ƙyar. Dabbar da ta tsallake fari, ga ta za ta mutu da ƙoshi.

A tsakiyarsu na ga Doktor. Ya tuɓe kwat ya rataye a kan ƙaya, ya naɗe wando, laka har gwiwa. Yana ba ɗalibai umarni, wannan ya riƙe kai, wancan ya ɗura man gyaɗa, waɗancan su tashi masu iya tsayuwa su yi ta zagaya da su. Waɗanda abin ya yi wa tsanani, yakan laluba gefen ciki na hagu da yatsu, ya soka wani ƙarfe mai tsini da bututu, iska ta fito da ƙara da wari, saniya ta buɗe ido. Yana magana da makiyayan da Fulatanci, wanda ban san yana ji ba. Wasu shanun sun mutu, da yawa sun tashi. Ɗalibin da ya fi kowa iya kwaikwayon muryarsa shi ke biye da shi da galan ɗin mai, yana cewa to Doktor, to Doktor.

Da rana ta yi tsaka ya zo ya zauna a kan wani kututture kusa da inda nake tsaye, yana wari kamar mahauta. Ba tambayarsa na yi ba. Ya ce da ya isa Turai ya roƙi malaminsa ya bar shi ya yi aiki kan shanun Azawak, irin na gidansu. Malamin ya ce babu wanda zai duba masa wannan, ga dai gonar gwaji nan kusa, ga shanu, in yana son digiri. Ya ce ya yi shekaru cikin takalmin roba, sanyi na cin yatsunsa, yana auna tusar shanun wasu, yana kuma aika wa mahaifinsa cewa karatu na tafiya daidai. Ya yi dariya kaɗan, ya goge hannunsa a wando, ya koma wurin wata karsana.

Na so a ce daga nan ya zama mai tawali'u. Mako bai cika ba lofe ya dawo. Ya zo kwamiti ya nemi a fito da tez ɗinsa a ɗora a kanta ta gaba, daidai ido, tunda yanzu ƙasa ta ga amfaninsa. Kowa ya yarda. Sai aka tarar an ɗauke Kapitan, an tura shi riƙon wata gunduma a arewa, ya tafi bai yi sallama ba, bai bar makulli ba, ba a kuma aiko wani a madadinsa ba. Duwayen ya ce in duba abin da doka ta ce kan fito da abin da aka kulle. Na duba. Ban rubuta komai kan haka ba, don babu wanda ya yi zaton abin da soja ya kulle yana fitowa. Mu duka muna zaune, kowa da makullin armuwar a aljihunsa, duwayen ma nasa na rataye a ɗamararsa, muka yanke shawarar a rubuta wa sama a jira amsa. Aka ci gaba da buɗewa a ɓoye, ana karantawa, ana mayarwa, ana kullewa da kyau.

Amsa ba ta zo ba. Doktor ya yi fushi na ɗan lokaci, daga baya na ga ya daina tada maganar. In baƙi sun zo daga waje, shi ke kai su ɗakin da kansa. Ya wuce kantocin ko kallo ba ya yi, ya tsaya gaban armuwar, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da lofensa, ya ce aikin rayuwarsa na ciki, hukuma ce ta kulle shi. Ba ya ƙara komai. Baƙin su girgiza kai, su dube shi da tausayi, wasu su ɗauki hoto.

Da mulkin soja ya wuce, aka shiga zamanin da kowa ke faɗin wahalar da ya sha, aka shirya taron karrama malaman da aka danne musu alƙalami. Sunan Doktor na ciki. Wata matashiya daga cikin masu shirya taron, wadda ba ta san komai kan shanun ba, ta zo birona tare da shi, tana neman wanda zai tabbatar. Doktor ya tsufa a lokacin, kwat ɗin ta yi masa yawa. Ya ce, "Ɗiyata, ke kina wurin. Gaya mata."

Matashiyar ta tambaye ni ko gaskiya ne soja ya kulle tez ɗinsa. Na ce gaskiya ne, a gabana aka murɗa makullin. Ta rubuta, ta ɗago ta tambaya ko akwai abin da zan ƙara. Na dubi Doktor, yana ta kallon taga. Na ce babu.